Waɗanda Suka Saki Dutse

Litinin, 4 ga Satumba, da azahar

Teku ta yi ɗumi kamar ruwan da aka sirka don wankan jariri. Ba a sama kaɗai ba, har can ƙasa, inda a da sanyi ke ratsa rigar robar nutso ya shiga ƙashinka. Temo, mai tuƙa mana kwalekwale, ya tsoma hannu ya ce saura albasa da tumatir mu sha romo. Ban yi dariya ba. Shi ma da ya faɗa bai yi ba.

Ciyawar teku ta fara ruɓewa daga tushe. Dajin da a da sai ka ture da hannu kafin ka wuce, yau kana hango ƙarshensa. Ita ce abincin abulon. Littafin da Maritza, masaniyar halittun ruwa, ta ara mini sai da ya cinye shafi uku kafin ya ce abulon dangin katantanwa ne mai ƙoƙo guda, yana manne wa dutse da ƙafarsa, kuma in zafi da yunwa suka haɗu masa ƙafar takan yanƙwane, ya saki dutsen ya faɗi rigingine. Shafi uku. Kakata da ba ta san ko bihim ba za ta gaya maka haka tana gasa tortiya, gurasarmu ta masara.

Aikinmu bai canja ba. Baba ya fara nutsawa da igiyar awo ya shimfiɗa ta a kan dutsen ƙasan teku, ni in jira a gindin anga sai ya ja mini igiyar, sannan in bi bayansa da allo da fensir, ina ƙirga na manne daban, waɗanda suka saki daban. Shi ke gaba saboda idonsa ba ya ganin rubutu a ruwa. A tudu yana ɗingishi tun ranar da aka fizgo shi daga ƙasan ruwa da gaggawa ina yaro. A ruwa kuwa ko karen teku sai ya yi da gaske.

A Kurman Dutse, dutsen da ni da Baba muke ƙirgawa, yau biyu kacal suka saki.

Laraba, 6 ga wata, da yamma

An yi taron ƙungiyarmu ta masu nutso a rumfar kifi. Maritza, masaniyar da ƙungiya ta ɗauko daga birnin Ensenada, ta tsaya da auduga a kunne, don kunnen ya fashe mata a watan jiya, likita ya hana ta shiga ruwa. Ta ce tankunan ɗakin kiwo suna da injin sanyaya ruwa, amma ba za su ɗauki na ko'ina ba. Dutse ɗaya za a zaɓa, a kwashe manyan iyayensa a ɓoye su har zafin ya wuce. Wane dutse? Wanda ƙidaya ta nuna ya fi jin jiki. Kuma sai tun suna da ƙarfi, don abulon da ya riga ya raunana in ka ɓamɓare shi ƙafarsa yagewa take yi, jininsa kuma ba ya tsayawa.

'Yan matan Arce, Idalia da ƙanwarta, su ke ƙirga Dutsen Tsakiya. Ƙidayarsu ta nuna ɓarna, kusan ɗaya cikin biyar ya saki. Tamu ta nuna lafiya lau. Aka ɗaga hannu, Tsakiya ta ci tankuna.

Na dubi Baba, fuskarsa kamar an yi masa jika. Shekara shida ke nan da ya tsaya kai da fata sai da ƙungiya ta haramta taɓa Kurman Dutse, don a bar iyaye su hayayyafa. An zage shi, an daina gaishe da Mama a shago, an taɓa yanke masa igiyar kwalekwale. Yau ga shi ko'ina na mutuwa, nasa na tsaye.

Don Lencho, wanda ya fi kowa zaginsa a lokacin, bai iya haɗiye wannan ba. Ya ce, "Nicanor, ashe dabbobinka ma sun yi karatu irin na Lauyan gidanka. An gaya musu ana zafi, sun ce ba su gani a littafi ba."

Lauyan ni ne. Duk wanda aka taɓa gani da littafi a garin nan ya zama lauya. Na ce masa su dai sun iya zama wuri guda shekara shida, abin da aure uku bai koya masa ba. Rumfa ta ɗauki dariya, Baba ya taka mini ƙafa. A gida Mama ta ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta dawo da ni ba.

Alhamis, da azahar

Baba na gaba da igiya, ina baya da allo. Uku suka saki. Doña Cuca na nan daram.

Juma'a, da hantsi

Iska ta hana mu fita. Bari in rubuta wace ce Doña Cuca, tunda babu aikin yi. Ita ce mafi girma a Kurman Dutse, ta fi tafin hannuna biyu in na haɗa, abulon ce da ke zaune a wani lungu ƙarƙashin bakin dutsen. Baba ya sa mata sunan marigayiya mai shago, wadda ba wanda ya taɓa ganin ta tashi daga kujerarta, ko ranar da rufin shagon ya kama wuta. Ya ce rabin ƙananan da ke gefen nan jikokinta ne. Littafi bai yarda ana iya sanin haka ba. Ban gaya masa ba.

An fara kwashe na Tsakiya zuwa tankuna. Maritza ta ba mu ma'aunin zafi mu ɗaure a Kurman Dutse. Tana zaton akwai wani ruwan sanyi da ke ɓullowa daga ƙasa yana kare su, tana so ta tabbatar. Idonta har ƙyalli yake yi in tana maganar.

Asabar, 9 ga wata, bayan cin abincin rana

Tulun iskar Baba na dawowa kusan wayam kwanakin nan. Temo ya ce, "Don Nica, ko kana da budurwa a ƙasan ne?" Baba ya ce tsufa ne, huhu ya zama rariya. Ni dai na san jiran da nake yi a gindin anga ya ninka.

Tafin hannunsa na dama ya saɓule. Mama na shafa masa mai tana faɗa, wai safar hannu nawa zai ci a wata guda.

Ina kallon hannun sai na tuna ranar da ya fara kai ni ƙasan ruwa. Na ɓamɓaro wani abulon, ashe bai kai girman ɗauka ba, na wurgar da shi. Baba ya kamo ƙafata ya mai da ni har inda ya faɗi. Da muka fito ya ce abin da ka ɓamɓare ba rabonka ba, sai ka mayar da shi kan dutse, ka danna da tafin hannu, ka yi addu'ar Maryamu guda a zuciyarka, kada ka ɗaga hannu sai ka ji ya ja dutsen. Haka kowane mai nutso a garin nan ya koya daga ubansa. Wanda ya wuce abulon a rigingine bai juya shi ba, ba a sake yarda a haɗa kwalekwale da shi.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan ba.

Litinin, 11 ga wata, da la'asar

Ma'aunin ya nuna zafin Kurman Dutse daidai da na Tsakiya. Babu wani ruwan sanyi. Maritza ta juya shi ta sake juyawa, ta ce ko ya lalace ne. Ai kullum haka ne, in duniya ta ƙi bin takarda sai a ce ma'auni ne ya lalace.

Ɗaya ya saki yau. Ɗaya tak. Sai dai na ga abin da ban so ba. Abulon mai son lungu ne da duhu, amma na tarar da biyar a saman dutse, fili fetal, a jere kamar yara a bencin coci. Na taɓa guda da gindin fensir, sai ya zame. Mai lafiya ko da ƙarfe sai ka yi dabara.

Can ƙasa kuma, nesa da igiya, inda dokar ƙidaya ta ce ba ruwana, ƙoƙuna sun fara taruwa a kan yashi, cikinsu na walƙiya. Doka ta ce in ƙirga taku ɗaya dama da igiya, taku ɗaya hagu. Maritza ta sha gaya mana tun ranar horo cewa mai ƙidaya ido ne kawai, ba shi da hannu. To ga ido, ya gani. A wane gida na allon zan sa abin da ya gani?

Ruwa ba ya tsami banza.

Talata, da safe

Na tambayi Baba ko ya lura da ƙoƙunan. Ya ce tsofaffi ne, igiyar ruwa ta tono su. Ya ƙara kofi.

Laraba, 13 ga wata, da azahar

Yau ban jira ya ja igiya ba. Na bi shi.

Ba zan rubuta ba.

Alhamis, da yamma

Na yi faɗa da Temo a kan guga. Guga! Ya ce in aljanu ne suka hau ni in sauka in bi ruwa zuwa gida. Na yi faɗa da rediyo, wani mai laushin murya daga babban birni yana cewa hukuma na sa ido a kan lamarin. Ku sa ido. Mu ma ido muke sawa, ga inda ya kai mu. Na yi faɗa da littafin Maritza, na duba daga bango zuwa bango, ya san sunan kowace tsutsa da ke cikin hanjin abulon da Latin, amma bai san mutum irin Baba ba.

Baba na gaba da igiya, ina baya da allo. Na rubuta abin da na tarar: biyu suka saki. Ban yi ƙarya ba. Abin da na tarar ke nan.

Tankuna sun kusa cika.

Juma'a, 15 ga wata, da la'asar

Na same shi a bayan gida yana ɗinke safar hannu. Na zauna a kan tulun iska. Na yi ta kewaye-kewaye, ni da ake cewa bakina ya fi reza. Daga ƙarshe na ce na gan shi shekaranjiya.

Bai ɗago ba. Ya ce ganinsa da na yi yana me.

Na ce yana juya waɗanda suka faɗi, yana mayar da su kan dutse, yana danna su ɗaya bayan ɗaya kafin in iso. Na ce na ƙirga goma sha wani abu kafin in daina ƙirgawa.

Sai ya dube ni da mamaki na gaske, ba na wanda aka kama ba. Ya ce, "To, Cheo, in ka tarar da mutum ya faɗi a hanya, tsayawa za ka yi ka rubuta?"

Na ce ba mutum ba ne. Na ce in ya mayar da su ni kuma na zo na rubuta su a masu lafiya, gobe su sake faɗuwa su gangara inda ba na ƙirgawa, to allon nan da aka duba aka ba Tsakiya tankuna fa? Na ce da ya bar su a rigingine kwana uku kacal, da yanzu Doña Cuca na cikin ruwan sanyi.

Allurar ta tsaya. Na ga maganar tana shigarsa a hankali, kamar ruwa a rigar roba. Na rantse bai taɓa haɗa biyun ba. A wurinsa ƙidaya aikin yara ne da takarda, tayar da wanda ya faɗi kuma ba aiki ba ne ma, kamar numfashi ne. Ya ce, ƙasa-ƙasa, wasu suna kamawa. Ya ce yana jin su a tafinsa suna ja.

Na ce ja na minti nawa.

Mama ta leƙo ta ce wake ya huce.

Asabar, da hantsi

Na je har ƙofar Maritza. Na mayar mata da littafinta. Ta tambaye ni ya na gan shi, na ce yana da kyau. Ta ce akwai wani abu? Na ce babu.

Lahadi, bayan coci

A ƙofar coci mutane na ta kama hannun Baba, wannan hannun da ya saɓule. Doña Elvia da ta daina gaishe da Mama shekara biyu ta kawo mana empanada mai zafi, gurasa mai nama a ciki. Wani ya ce in zafin ya wuce daga Kurman Dutse za a sake cika tekun nan kaf, a sa wa dutsen sunansa. Baba na ta cewa sai abin da Allah ya yi. Bai dube ni ba, ban dube shi ba.

In na yi magana, na tsiraita shi a gaban Lencho. In na yi shiru, suna can suna faɗuwa. Na karanta littattafai da yawa da mutum ke tsayawa a irin wannan mararraba, kuma a cikinsu kullum akwai hanya guda mai kyau da marubucin ya ɓoye a aljihu. Na laluba nawa aljihun, yashi ne.

Litinin, 18 ga wata, da sassafe

Na gaya wa Maritza.

Litinin, da azahar

Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na je da shirin a zage ni in rama. Ta zauna a kan matakala, ta cire audugar kunnenta ta duba ta mayar. Ta tambaya tun yaushe. Na ce ina zaton tun farkon zafin. Ta ce ni kuma tun yaushe na sani. Na ce Laraba.

Na tambaye ta ko da na zo tun Larabar da an ceci wani abu. Ta ce ba ta sani ba. Na ce ta yi karatu shekara nawa don ta ce mini ba ta sani ba? Ta ce karatun ke nan.

Gobe 'yan matan Arce za su shiga Kurman Dutse. Su a hannun Maritza suka koyi nutso, ba su taɓa ɓamɓarar abulon don sayarwa ba, hannunsu bai saba da juya wanda ya faɗi ba.

Talata, da yamma

Sun fito. Idalia ta miƙa wa Maritza allon. Ya fi na Tsakiya muni nesa ba kusa ba.

Laraba, 20 ga wata, da la'asar

Maritza ta matsa na Tsakiya ta samar da gurbi a tanki ɗaya. Muka sauka muka zaɓo waɗanda suka fi kama da masu rai, muka ɓamɓare su a hankali kamar ana cire ƙaya daga ido. Kafin mu kai gaɓa ruwan bokitan ya yi shuɗi-shuɗi da jininsu. Temo ya tuƙa a hankali don kada su girgiza, sannan ya tuƙa da gudu don kada su daɗe, sannan ya kashe injin ya zauna. Uku suka kai tanki da rai. Na Doña Cuca ko gwadawa ba mu yi ba. Tana manne, amma ƙafarta ta janye daga bakin ƙoƙon, kamar tsohuwa a cikin rigar ƙuruciyarta.

Baba bai fita ba. Ya ce ƙafarsa ce.

Alhamis, da yamma

Taro. Maritza ta ce an samu kuskure a ƙidayar Kurman Dutse, ba ta ambaci kowa ba. Aka fara juyowa ana kallona, tunda ni ke riƙe da fensir. Na ji daɗin haka, na gyara zama, bakina cike. Sai Baba ya dafa benci ya miƙe.

Ya ce, "Yaron abin da ya tarar ya rubuta. Ni na riƙa tayar da su." Ya zauna.

Na zuba wa Lencho ido, na tanadar masa magana uku, kowace ta isa ta raba mu har kabari. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya daɗe. Sannan ya ce duk wanda ke cikin rumfar nan da zai iya wuce abulon a rigingine bai juya shi ba, ya ɗaga hannu a gan shi.

Ba wanda ya ɗaga. Tsofaffin duk suka sunkuyar da kai suna kallon tafinsu.

Shi ke nan. Babu wanda zan zaga. Na fito da maganganuna uku a baki, na rasa inda zan tofar da su. Na tofa wa teku, ita kuma ko a jikinta.

Asabar, da safe

Baba ya wanke rigar robarsa da ruwan daɗi ya rataye a ɗaki, ba a waje inda take kwana ba. Mama ta ga haka ta shiga kicin ta daɗe.

Ruwa na nan da ɗuminsa. Rediyo ya ce sai wani watan.

Litinin, 25 ga wata, da la'asar

Yanzu ni ke gaba da igiya, Idalia na baya da allo. Ban san haka gaban yake ba. Kai ne farkon wanda zai gan su, fararen ƙafafunsu a sama, wasu na ɗan motsi, suna lalubar dutsen da ba ya nan. Ka wuce su da igiya a hannu. Na wuce na farko, na wuce na biyu. Na cusa hannun hagu a ɗamarar dalmar da ke ƙuguna don na ga yana miƙewa da kansa.

A ƙarshen igiya, ƙarƙashin bakin dutsen, Doña Cuca ta saki. Tana kwance a yashi, lungunta ya bar wani farin tabo daidai girmanta, inda ta zauna tun ban fara aske gemu ba.

Na ɗaure igiyar na tsaya a kanta ina jira. Ban taɓa ta ba. Kifaye na ta kewaya, ina korarsu da ƙafa. Sai da Idalia ta iso, na nuna mata, na ga fensir ya ja layi a gidan waɗanda suka saki. Na sa ta nuna mini allon na gani da idona.

Sannan na ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na mayar da ita kan farin tabon, na danna da tafin hannu, na fara addu'ar Maryamu. Ni da rabona da addu'ar tun ina ɗan makaranta, ashe tana nan. Na kai ƙarshe ban ji komai ba. Na sake. Idalia ta juya mana baya tana duba abin da babu a kan allonta. Na sake. A wani wuri cikin ta huɗu ko ta biyar na ji kamar wani abu ya ja, kaɗan, kamar jariri ya kama yatsa cikin barci. Ko ita ce, ko jinin hannuna ne ke bugawa, ban sani ba. Idalia ta taɓa kafaɗata ta nuna mini ma'aunin iskata. Na zare hannun a hankali, ban waiwaya ba.

Baba na zaune a bakin gaɓa a kan kifaffen kwalekwale. Bai tambayi ƙidaya ba. Ya jira Temo da Idalia suka wuce da tuluna, sannan ya kama hannuna na dama ya juya shi. Majinar jikinta na nan a kan safar.

Ya ce, "Ta kama?"

Na ce, "Da na taho tana kan dutse."

Ya gyaɗa kai. Bai saki hannun ba, ya riƙe shi a tsakanin nasa biyu yana dannawa, leɓensa na motsi. Na tsaya har ya gama.